Sabbin kamfanonin masaukin shafukan intanet: abin da ya kamata ka bincika kafin ka tura kuɗinka

A shekarar da na kammala makarantar koyon aikin jarida, yayana da ke neman kuɗi a Abijan ya turo kuɗi domin a buɗe wa shagonmu na kayan fata da ke Damagaram shafin intanet. Burinsa shi ne ƴan Nijar mazauna waje su riƙa ganin takalma da jakunkunan da ake ɗinkawa, su zaɓa, su biya, a aika masu. Da yake ni ne ɗan boko a gidan, ni aka ɗora wa aikin.

Na ci karo da tallan wani sabon kamfani a Facebook. Farashinsa bai kai rabin na sauran ba, kuma mai amsa saƙo a WhatsApp yana da ladabi da saurin amsawa. Ya ce in na biya shekara biyu a dunƙule zai ƙara yi mani ragi. Na tura kuɗin zuwa wata lambar salula, shafi ya hau, muka buga adireshinsa a jikin ledoji da katunan shago.

Ba a cika shekara ba, wata safiya shafin ya ƙi buɗewa. Na rubuta saƙo, shiru. Na kira, lambar a kashe. Da na nemi taimakon wani abokina masanin kwamfuta, sai ya gano cewa sunan shafin ma ba da sunanmu aka yi rajistarsa ba, yana cikin asusun mutumin da ya ɓace. Hotunan kaya suna nan a wayoyinmu, amma jerin masu saye da lambobinsu da odar da ba a kai ga aikawa ba duk sun tafi. Ledojin da muka buga kuwa suna nuna adireshin da ba namu ba.

Ban san ko mutumin ɗan damfara ba ne ko kuwa jarinsa ne ya karye. A wurinmu sakamakon ɗaya ne. Abin da na koya daga baya shi ne, akwai tambayoyin da da na yi su a ranar farko, da asarar ba ta wuce ta kuɗin haya ba.

Me ake haya, me ake saya?

Duk shafin intanet yana zaune ne a cikin wata kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, wadda ake kira sabar. Kamfanin masauki, abin da masu Faransanci ke cewa hébergeur, shi ne ke ba ka hayar wuri a cikin wannan kwamfuta. Abu uku ne ke haɗuwa su zama shafi, kuma yawancin masu biyan kuɗi ba su rarrabe su.

Na farko suna, wato adireshin da mutane ke rubutawa su same ka, mai ƙarewa da .com ko .org, ko .ne na Nijar, ko .ng na Najeriya. Na biyu ɗakin da ka kama haya a cikin sabar. Na uku kayan da ka zuba a ɗakin: hotuna, rubuce-rubuce, saƙonnin imel da bayanan masu hulɗa da kai.

Ɗaki ana iya sauya shi cikin yini ɗaya. Suna da kaya su ne dukiyarka. Idan suna hannunka, rushewar kamfanin masauki ɓacin rai ne na kwana biyu. Idan suna hannun kamfanin, rushewarsa rushewarka ce.

Mai gida ne ko ɗan sari?

Buɗe kamfanin masauki a yau ba ya buƙatar gini ko injina. Mutum na iya kama hayar sabar ɗaya daga manyan kamfanoni irin su OVHcloud na Faransa ko Hetzner na Jamus, ya yanka ta gida-gida, ya sa sunansa da tambarinsa, ya fara sayarwa. Akwai ma tsarin sari da manyan kamfanonin suka tanada musamman domin haka.

Wannan ba laifi ba ne, kasuwanci ne halastacce, kamar yadda ɗan kasuwar Maraɗi ke saro kaya daga Kano ya sayar a shagonsa. Sai dai ya kamata ka san matsayin wanda kake hulɗa da shi. Idan ɗan sarin ya kasa biyan hayar wata, babban kamfanin zai rufe sabar, ya goge abin da ke ciki bayan wa'adi, kuma ba zai saurare ka ba domin bai san da zamanka ba. Yarjejeniyarsa da ɗan sarin take.

Ƙaramin ɗan sari kuma ba shi da ikon farashin kayan aikinsa. A shekarar 2019 kamfanin cPanel, mai manhajar da dubban masu ba da masauki ke amfani da ita, ya sauya tsarin kuɗinsa, ya koma karɓa bisa yawan asusun da ke kan kowace sabar. Ƙananan kamfanonin da suka cusa mutane da yawa a sabar ɗaya a kan farashi mai rahusa sun wayi gari da ƙarin kuɗin da ba su yi lissafinsa ba.

Don haka tambaya ta farko ita ce: a wace ƙasa sabar take, kuma ta wane ne? Kamfani mai gaskiya zai faɗa maka kai tsaye. Kana kuma iya tantancewa da kanka, domin akwai shafuka na kyauta da ke nuna lambar IP ta kowane shafi da kamfanin da ya mallake ta. Wanda ya ce maka yana da cibiyar adana bayanai tasa ta kansa, amma bincike ya nuna hayar sabar yake a Turai, ya riga ya nuna maka halinsa tun ba a je ko'ina ba.

Takardu da adireshi

Kamfanin da ke aiki bisa doka a Nijar yana da lambar rajistar kasuwanci ta RCCM, tsarin da ƙasashen OHADA ke amfani da shi, da kuma lambar haraji ta NIF. Ka nemi a nuna maka su, ka kuma duba ko suna jikin takardar biyan da za a ba ka. Idan kamfanin na Najeriya ne, hukumar CAC tana da shafin da kowa zai iya neman sunan kamfani ya ga ko yana da rajista. Na Faransa suna da lambar SIREN da ake iya dubawa kyauta, na Birtaniya kuma suna cikin kundin Companies House, inda ake ganin ranar kafuwa da sunayen shugabanni.

Rajista ba ta hana kamfani karyewa, amma tana ba ka sunan wanda za ka kai ƙara da wurin da za a same shi. Idan kamfanin ya ce yana da ofis a Yamai ko Maraɗi, ka je ka gani. Idan kana ƙasar waje, ka tura ƙaninka ko abokinka ya leƙa. Kuɗin kabu-kabu bai kai kuɗin hayar shekara biyu ba.

Hanyar biya ma tana magana. Biya ta Airtel Money ko Moov Money ko Nita ba matsala ba ce, hasali ma sauƙi ne ga wanda ba shi da katin banki. Abin lura shi ne sunan da ke karɓa: na kamfani ne ko na wani mutum? Kuma ana ba da takardar shaidar biya mai ɗauke da abin da ka saya da ranar ƙarewarsa? Hoton saƙon WhatsApp ba ya maye gurbin wannan takarda.

Shekarun da ake faɗa da shekarun gaskiya

Kamfanoni da yawa na rubuta cewa sun shekara goma suna aiki. Tantance wannan ba ya ɗaukar minti biyar. Hukumar ICANN, mai kula da tsarin sunayen intanet tun 1998, tana da shafin bincike a lookup.icann.org. Ka rubuta adireshin kamfanin mai ƙarewa da .com, za ka ga ranar da aka yi rajistarsa da ranar da zai ƙare. Sannan akwai Wayback Machine na cibiyar Internet Archive, mai adana hotunan shafuka na shekarun baya. A nan za ka ga yadda shafin kamfanin yake bara da bariya, ko farashinsa ya yi ta tsalle, ko ma a da wani abu dabam yake sayarwa.

Ƙuruciyar kamfani ba aibi ba ce. Octave Klaba yana ɗalibi ya kafa OVH a 1999, yau kuma yana cikin manyan kamfanonin masauki na Turai. Aibin shi ne ƙarya a kan shekaru. Wanda ya ce maka watansa takwas da farawa, ga inda sabar take, ga abin da zai iya da wanda ba zai iya ba, ya fi wanda ya ƙara wa kansa shekaru.

Yabon da ake saye

Taurari biyar a Facebook ko Google ko Trustpilot ba hujja ba ce, domin ana sayen yabo kamar yadda ake sayen mabiya. Alamominsa sanannu ne: yabo da yawa cikin mako ɗaya, kalmomi masu kama da juna, asusun da ba su taɓa rubuta komai ba sai wannan. Haka nan yawancin shafukan da ke jera “kamfanoni goma mafi kyau” suna karɓar la'ada a kan duk wanda ya yi rajista ta hanyarsu.

Ƙorafi ya fi yabo amfani. Ka nemi inda aka soki kamfanin, ka ga yadda ya amsa. Ya yi bayani ya gyara, ko ya goge saƙon ya toshe mai shi? Sannan ka roƙi kamfanin ya ba ka adireshin shafuka uku da yake ɗauke da su fiye da wata shida. Ka buɗe su da wayarka a lokuta dabam-dabam, ka kira masu su ka tambaye su sau nawa shafin ya tsaya, kuma awa nawa aka ɗauka kafin a amsa masu. A garuruwanmu da kowa ya san kowa, wannan binciken ya fi kowane tauraro.

Kafin ka biya, ka gwada masu amsa saƙon. Ka aika tambaya ta fasaha da daddare ko ranar Lahadi. Idan mutum ɗaya ne ke talla, shi ke karɓar kuɗi, shi ke gyara, ka tambayi kanka abin da zai faru ranar da ya kwanta rashin lafiya ko ya yi tafiya.

Ma'anar 99.9

Kusan kowane kamfani na alƙawarin cewa shafinka zai kasance a buɗe kashi 99.9 cikin 100 na lokaci. Shekara tana da awa 8,760. Kashi 99.9 na nufin an yarda shafin ya tsaya kusan awa 9 a shekara. Kashi 99 kuwa ya haura kwana uku da rabi. Tambayar ita ce me kamfanin zai yi idan ya saɓa. A mafi yawan yarjejeniyoyi, diyyar ba ta wuce ƙarin kwanakin haya kyauta ba, ba a biyan cinikin da ka rasa. Akwai manhajoji irin su UptimeRobot da ke sa ido a kan shafi kyauta, su aiko maka da saƙo duk lokacin da ya faɗi. Da su za ka riƙe naka lissafin.

Idan sabar a cikin Nijar take, akwai ƙarin tambayoyi biyu: wuta da layi. Kowa na tuna yadda Najeriya, wadda ke ba ƙasar kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta a lokacin, ta katse wutar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da irin ɗauke-ɗauken da aka sha har zuwa janye takunkumi a farkon 2024. Sabar tana buƙatar wuta da sanyi ba yankewa, a ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40. Ka tambaya ko akwai injin wuta da batura, da kuma layin intanet fiye da ɗaya.

Sabar da ke waje ma tana da nata rauni. Nijar ba ta da gaɓar teku, intanet ɗinta na biyowa ne ta ƙasashe maƙwabta. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar yammacin Afirka, ƙasashe fiye da goma sun ji a jikinsu. Idan masu sayenka mazauna Turai ne, sabar da ke can ta fi kusa da su. Idan na cikin gida ne, lissafin na iya bambanta.

Manya ma suna faɗuwa

Kada wani ya ɗauka cewa guje wa ƙaramin kamfani ya koma babba shi ne ƙarshen magana. A daren 10 ga Maris 2021 gobara ta tashi a cibiyar OVHcloud da ke Strasbourg. Gini ɗaya, SBG2, ya ƙone ƙurmus, wani ɓangare na SBG1 ya lalace. Kamfanin bincike na Netcraft ya ƙiyasta cewa shafuka kusan miliyan 3.6 ne suka ɗauke a lokacin. Wasu abokan hulɗar sun rasa komai, har da waɗanda suka biya kuɗin ajiyar kwafi, domin kwafin yana wuri ɗaya da asalin. A 2023 kotun kasuwanci ta Lille ta umarci kamfanin ya biya wasu kamfanoni biyu diyya a kan haka, amma diyya ba ta dawo da bayanan da suka ƙone.

A watan Agustan 2023 kuma masu kutse suka shiga kamfanin CloudNordic na ƙasar Denmark, suka kulle sabobinsa da kwafin ajiyarsa gaba ɗaya suna neman kuɗin fansa. Kamfanin ya ƙi biya, ya kuma sanar da cewa mafi yawan abokan hulɗarsa sun rasa bayanansu.

Darasin a nan shi ne, kwafin da ke hannun kamfanin masauki kaɗai ba ajiya ba ce. Masana na ba da shawarar kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Ga mai ƙaramin shago, wannan na nufin sauke kwafin shafin kowane mako ko kowane wata, a ajiye ɗaya a kwamfuta ko kilé USB, ɗaya a wani asusun ajiya na intanet da ba shi da alaƙa da kamfanin. A kuma gwada mayar da shi ko sau ɗaya, domin a tabbatar yana aiki.

Sunan shafi: nan ne ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa

Sunan shafi ba a sayensa har abada, hayarsa ake yi shekara-shekara. Wanda sunansa da imel ɗinsa ke cikin rajista shi ne mai shi. Kamfanoni da yawa na cewa suna kyauta ne idan ka biya masauki, sai su yi rajistar a asusunsu. Tun da dokar kare bayanai ta Turai ta fara aiki a 2018, ana ɓoye sunan mai rajista a binciken jama'a, don haka ba za ka gane daga waje ba. Sai ka nemi a ba ka hanyar shiga asusun da kanka, ka ga sunanka da imel ɗinka a ciki.

Mafi aminci shi ne ka yi rajistar sunan da kanka a wani kamfani dabam, ka kama masauki a wani. Idan ba ka da katin biya, ɗan uwa da ke waje na iya biya, amma a sa imel ɗin mai shagon. Ka kuma san cewa ana buƙatar wata lambar sirri kafin a ɗauke suna daga kamfani zuwa wani, kuma a ƙa'idar ICANN ana iya hana ɗauke sabon suna a cikin kwana 60 na farko. Ka tambaya tun yanzu: in na nemi wannan lamba, kwana nawa za a ɗauka, kuma akwai kuɗi?

Idan sunan .com ya ƙare ba a sabunta ba, akwai ɗan lokacin sassauci, sai kwana 30 da ake iya fanso shi da kuɗi mai yawa, sai kwana 5 a sake shi kasuwa. Daga nan kowa na iya ɗauka, har da masu tallan caca da masu damfara da sunanka.

Akwai kuma nauyin doka. Idan shafinka na karɓar sunaye da lambobin mutane, kai ne suka ba amana. Nijar tana da dokar kare bayanan jama'a da hukumar HAPDP mai kula da ita, don haka sanin inda bayanan suke kwana ba ƙwaƙwa ba ce.

Araha da biyan shekaru a dunƙule

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Kamfanin da ke biyan hayar sabar da kuɗin Euro, a kan sefa 655.957 kowane ɗaya, ba zai iya ba da wuri marar iyaka a kan kuɗin da bai kai na katin waya ba, sai dai in ya cusa mutane fiye da kima ko yana cin kuɗin sabbin shiga yana biyan bashin tsofaffi. Tayin biya sau ɗaya har abada ya fi kowanne haɗari, domin sabar kowane wata ake biyan ta. Ka kuma duba farashin sabuntawa, wanda sau da yawa ya ninka na shekarar farko, ko a manyan kamfanoni.

Da sabon kamfani, ka fara da wata ɗaya ko uku, ko da ya ɗan fi tsada. Ragin da ake yi maka a kan shekara biyu bashi ne kake ba kamfanin ba tare da jingina ba.

A ba matasa dama, amma da ido a buɗe

Duk wannan ba kira ba ne na a guji kamfanonin matasanmu. Suna da abin da manyan na waje ba su da shi: suna karɓar sefa, suna bayani da Hausa ko Zabarmanci, ana iya zuwa a same su, kuma kuɗin yana zama a gida. Idan kowa ya jira sai kamfani ya shekara goma, babu wanda zai kai shekara goman. Wanda ya nuna takardunsa, ya faɗi inda sabar take, ya sa suna a hannunka, ya kuma koya maka sauke kwafi, ya cancanci a gwada shi. Wanda ya ji haushin tambayoyin ya ba ka amsa.

Shagonmu ya sake buɗe shafi da wani suna, a wurin wani ƙaramin kamfani da bai fi shekara biyu ba a lokacin. Sunan yana asusun yayana, muna biya wata uku-uku, kuma ranar Juma'ar farko ta kowane wata ƙanwata ke sauke kwafi. Tsofaffin ledojin kuwa muna nan muna zuba kaya a ciki, bayan mun bi adireshin da baƙin alƙalami mun shafe.